DARASINMU: Uwargida a Ƙasar Baƙunci da Gayyata Zuwa Gidan Ɗanɗana Giya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasin wannan fitowa ya taso ne daga wata tambaya da wata 'yar uwa ta yi a Islamiyyar matan aure a Kazaure, bayan ta dawo daga Birtaniya inda ta raka maigidanta ƙaro karatu. Ta ce wata rana abokan karatunsa suka shirya fita yawon buɗe ido, aka yankar musu tikiti, ita ba ta san inda za a je ba. Sai da aka isa ƙofa ta gane ashe gidan nuna yadda ake yin giya ne, kuma a ƙarshe a ba kowa ya ɗanɗana. Aka ce mata kar ta damu, ita lemo za a ba ta. Kunya ta hana ta juyawa, ta shiga. Ba ta sha ba, amma har yau zuciyarta ba ta kwanta ba. Tambayarta ita ce: tunda ban sha ba, ina da laifi?

'Yar uwa, kar ki ce wannan magana ta yi miki nisa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Malamai da ɗalibai na fita waje ƙaro ilimi, 'yan kasuwa na fita, kuma da yawa da iyalinsu suke tafiya. In ba ke ba, to 'yarki ko ƙanwarki. Wadda ta tashi a Roni ko Gwiwa, a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, tana iya girma har ta yi jikoki ba ta taɓa ganin kwalbar giya a kan tebur ba. Wannan ni'ima ce babba. Sai dai kuma tana sa mutum ya kasa gane abin idan aka yi masa kwalliya. Baƙo kuwa, ko da idonsa, makaho ne.

WANE IRIN WURI NE?

Sikotland wani yanki ne a arewacin Birtaniya, babban birninsa Edinbara. Sana'ar da suka yi suna da ita a duniya ita ce wata giya mai ƙarfi da ake kira wiski, suna da masana'antunta sama da 140. A 2019 kaɗai an kai wa waɗannan masana'antu ziyara fiye da sau miliyan 2. Kin ga ke nan ba ɓoyayyen abu ba ne kamar gidan burukutu a bayan gari. A wurinsu abin alfahari ne da ake nuna wa baƙo.

A Edinbara, dab da tsohuwar fadar da ke kan dutse wadda kowane baƙo ke zuwa gani, akwai wani gida mai suna Scotch Whisky Experience da aka buɗe a 1988. A cikinsa akwai ɗaki guda da aka jera kwalabe 3,384 a bayan gilashi. A 2021 kuma aka buɗe wani babba mai suna Johnnie Walker Princes Street a kan babban titin kasuwar birnin. Haka a Dablin ta ƙasar Ayalan akwai irinsu.

Abin da zai ruɗe ki shi ne ba su yi kama da mashaya ba. Tsaf-tsaf suke, da fitilu masu launi, da majigi, da ɗan jagora mai fara'a yana ba da tarihi. A wani wurin a yi miki tambayoyi kan irin ɗanɗanon da kika fi so, a wani a ba ki abu ki shinshina. Za ki ga iyali da tsofaffi da masu ɗaukar hoto. Amma duk wannan shimfiɗa ce. Inda aka nufa shi ne ɗakin ƙarshe, a zauna a zuba wa kowa a kofi, daga nan a fito ta kantin sayar da kwalabe.

MECE CE WISKI?

Da sha'ir ake yin ta. A jiƙa shi ya yi tsiro kamar yadda dawa ke yi, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a zuba yis a bar shi ya tashi. Sai a dafa wannan ruwa a manyan tukwanen jan ƙarfe, a tare tururin ya koma ruwa. Wannan tururin shi ne tsantsar abin maye. A dokarsu ta 2009, sai ta yi aƙalla shekara 3 a gangar katako, kuma sinadarin maye a cikinta bai gaza kashi 40 cikin 100 ba, sannan ta ci sunanta. Giyar kwalba da aka saba ji tana da wajen kashi 5 ne. Wato wiski ta ninka ta kusan sau 8. Don haka ɗan kurɓin da ake ce wa “ɗanɗano ne kawai” ba ƙaramin abu ba ne.

Asalin sunan a tsohon harshensu yana nufin ruwan rayuwa. To amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma a 2023 ta bayyana cewa babu wani gwargwado na giya da za a ce ba ya cutarwa. Tana ma cikin abubuwan da ke jawo sankarar mama. Suna dai ba ya canza hali.

ABIN DA ADDINI YA KOYAR

Allah (SWT) ya haramta giya mataki-mataki. A Suratul Baƙara aya ta 219 aka bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta. A Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar salla cikin maye. Sannan a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 aka yanke hukunci. Ki lura da kyau, 'yar uwa, a wannan aya ta ƙarshe ba hana sha kaɗai aka yi ba, umurni aka yi da a nisance ta. Nisanta kuwa ta fi barin sha faɗi.

Kada wani ya ce miki ai giyar da aka hana ta inabi ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito huɗubar Sayyidina Umar (RA) inda ya lissafa abubuwa 5 da ake yin giya da su lokacin da haramcin ya sauka, kuma sha'ir na cikinsu tare da inabi da dabino da zuma da alkama. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar (RA) cewa duk abin da ke sa maye hukuncinsa na giya ne. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Jabir (RA) cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wannan ya rufe ƙofar ɗanɗano.

Saura tambayar 'yar uwarmu da ba ta sha ba. A hadisin Anas (RA) da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, an la'anci mutum 10 a kan giya. Mai sha ɗaya ne kawai a cikinsu. Sauran 9 su ne masu matsa ta, da ɗaukar ta, da zuba ta, da saye da sayarwa da cin kuɗinta, da waɗanda ake yi wa. Sannan Tirmizi ya ruwaito daga Jabir (RA) hani ga mai imani da Allah da ranar lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. An kuma ruwaito cewa an kawo wa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz wasu da aka kama a majalisar shan giya, aka ce masa ɗaya daga cikinsu azumi ma yake yi. Bai ɗauke masa hukunci ba, domin zaman kansa laifi ne. To idan azumi bai zama uzuri ba, ina ga kofin lemo?

UZURORI UKU DA ZA KI JI

Na ɗaya: “Ai lemo za a ba ki.” Gaskiya ne ana ba yara da marasa sha lemo. Amma teburin dai shi ne, kuma kuɗin tikitinki ya shiga asusun gidan. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo.

Na biyu: “Ai ilimi ne, tarihi ne.” Sanin yadda ake yin abu ba laifi ba ne, ga shi yanzu mun yi bayaninsa ba tare da kowa ta taka ƙofar gidan ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don lura. Amma gidan da aka gina don a sa wa baƙo son giya, talla ce aka yi wa rigar makaranta.

Na uku: “Kar a ce ba mu waye ba.” Wannan shi ne ya fi kama mu mata, domin an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara. Kunya alheri ce, amma wadda ta fi cancanta ita ce kunyar Allah. Kuma ki sani, mafi yawan masu gayyatar ba da mugun nufi suke yi ba, karramawa ce a al'adarsu. Idan kika ce cikin fara'a, “Na gode ƙwarai, addinina bai ba ni damar shiga ba, zan jira ku a waje,” galibi girmama ki za su yi. Musulunci bai hana mu kyautata wa wanda ba Musulmi ba, Suratul Mumtahana aya ta 8 shaida ce. Ki ƙi wurin, kar ki wulaƙanta mutanen.

MATAKAN KARIYA

1. Ki tambaya kafin a biya. Matambayi ba ya ɓata. Motocin da ke kai baƙi kallon duwatsu da tafkuna a arewacin Sikotland sau da yawa suna sa tsayawa a masana'antar wiski cikin jadawalinsu. Ki sa a karanta miki takardar tun daga gida. Duk inda kika ga an rubuta whisky, distillery, tasting, brewery ko winery, to wurin giya ne.

2. Ku yi magana da maigida tun a ɗaki, ba a bakin ƙofar wurin ba a gaban abokansa. Ki ce, “Abban Fatima, don Allah mu duba inda za a kai mu gobe, kar mu je mu ji kunya.” Shi ma wataƙila nauyin malaminsa ko abokan aikinsa yake ji, sai maganarki ta ƙarfafa shi. In ya dage, ki ba shi haƙuri cikin ladabi ki tsaya a kan bakanki, domin biyayya ga miji ba ta kai ga saɓon Allah ba.

3. In mota ta riga ta tsaya, ki zauna a ciki ko ki zaga waje da yara. Asarar kuɗin tikiti ta fi sauƙi.

4. Ki bambance zaɓi da lalura. Idan a jirgin sama na kusa da ke ya karɓi giya, ba ke kika zaɓa ba. Ki nemi canjin kujera in da hali, in babu ki ƙi abin a zuciyarki. Wannan daban yake da wurin da kika taka da ƙafarki.

5. Ki kula da hoto. Hoton da kika ɗauka a gaban kwalabe kika sa a WhatsApp, 'yan mata a gida ne za su gani su ɗauka ba komai.

A KULA DA TSARABA

A kantunan baƙi da na filin jirgi ana sayar da alewa da cakulan da kek da aka zuba wa giya. Akwai wani kayan zaƙi nasu mai suna cranachan da ake haɗawa da wiski, haka wasu miyar nama. Ki duba bayan kwali, in kin ga whisky, rum, brandy, liqueur ko wine, ki ajiye. Kar kuma a ce miki wuta ta ƙone ta. Binciken da ma'aikatar noma ta Amurka ta dogara da shi ya nuna bayan dahuwar minti 15, wajen kashi 40 cikin 100 na giyar na nan, ko bayan awa biyu da rabi akwai ragowa. Haka nan in wani ya roƙi ku taho masa da kwalba a jaka, ku ba shi haƙuri. Mai ɗauka na cikin mutum 10 ɗin nan.

TO INA ZA A JE?

Ba a ce ki kulle kanki a ɗaki ba. A Edinbara akwai babban masallaci da aka buɗe a 1998 kusa da jami'a, inda za ki haɗu da 'yan uwa mata su nuna miki gari da inda ake samun abincin halal. Kusa da shi akwai babban gidan tarihi na ƙasa, shiga kyauta. Akwai lambun itatuwa da furanni, akwai dutsen da ake hawa a hango birnin duka. Wadda ta saba da duwatsun Kazaure da Roni ai hawa ba zai gagare ta ba. Idan ke kika fara kawo shawarar irin waɗannan wurare, kin hutar da kanki da masu masaukinki.

KAMMALAWA

'Yar uwar da ta yi tambaya, ga amsarki. Barin shan da kika yi abin yabo ne, amma zaman kuskure ne. Rashin kwanciyar zuciyarki kuwa alamar imani ce. Ki nemi gafarar Allah, ki ƙudurta ba za ki koma ba, ki goge hotunan in akwai, sannan kar ki bari Shaiɗan ya riƙa yi miki wasiwasi da abin da ya wuce. Allah Mai karɓar tuba ne.

Sauran 'yan uwa kuma, ga aikin gida don tattaunawa a ta'aliminku na wannan wata. Mene ne bambancin barin sha da nisanta? Wace magana za ki faɗa idan aka gayyace ki irin wannan wuri? Kuma 'yarki da za ta bi miji wata ƙasa, bayan kayan ɗaki da yaji da daddawa, kin zaunar da ita kin koya mata yadda ake cewa a'a cikin mutunci?

Allah ya tsare mana imaninmu a gida da daji, ya shirya mana zuriyarmu, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.