Ba Olsa Ba Ce, Jini Ne Ke Zuba a Ciki

A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta yanke hanyoyin ƙauyukan Auyo, aka kawo mana wata yarinya asibiti a Haɗejiya, amaryar bara. Kwale-kwale ya fito da ita bakin titi, daga nan aka goyo ta a mashin. Idonta fari fat, tafin hannu sanyi ƙalau, ciki ya ɗaure tamau. Awon jininta (PCV) 14.

Na tambayi uwar mijin: "Baba, yaushe abin ya fara?"

"Shekaranjiya, likita. Tana tankaɗe ta dafe mara ta faɗi."

Shekaranjiya! Ashe mai kemis ɗin garinsu ya ce olsa ce da taifot. Ya ɗaura mata ruwa leda biyu, ya yi mata allurar diclofenac, ciwon ya lafa, kowa ya koma harkarsa. Da ta ce kafaɗarta na ciwo sai aka shafa mata man zafi. Ba wanda ya tambaye ta rabonta da al'ada, alhali ɓatan wata biyu gare ta. Gwajin fitsari na minti biyar ya isa.

Cikin a bututun ƙwai ya zauna, ya fashe. Muka nemi jini, 'yan rakiya maza huɗu suka fara kallon ƙasa, wai ana aikin gona. Sa hannun tiyata kuma sai an samu mijin a waya. Da muka buɗe, jinin da muka kwashe ya haura lita 2, a jikin da dukansa bai kai lita 5 ba. Kafin asuba ta cika. Allah ya jiƙanta.

Cikin kowane juna biyu 100, ɗaya ko biyu a wajen mahaifa suke zama. Duk macen da ta yi ɓatan wata, ciwon mara ya sare ta farat ɗaya, ga jiri ko suma, asibitin da ake tiyata za a nufa. Ba kemis ba, ba kuma gidan mai cire iska ba. Kada ku jira ku ga jini a zane, a ciki yake taruwa. Maza ma ba su tsira ba: saifar da maleriya ta kumbura tana fashewa ba tare da an bugi mutum ba, haka dajin hanta.

Ku masu ɗaura ruwa a bayan kanta, ruwa ba ya toshe jijiyar da ta fashe. Ku daina. Magidanta kuma, in za ku yi tafiya da damina, ku bar izinin tiyata a gida.