Darasi Na 14: Wasa Bayan Fitina

Mu mutanen Tudun Wada ta Zariya mun san fitina. Unguwarmu tana tsakanin Birni da Sabon Gari. In ka fito ta Ƙofar Doka ka iso mu, in ka haye gadar Kubanni ka nufi Sabon Gari. Tun zamanin Turawa aka zaunar da baƙi 'yan Arewa a nan, mutanen Kudu kuwa yawancinsu suka zauna a Sabon Gari. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a Kafanchan, ta bazu har Zariya, aka ƙone wuraren ibada. A watan Mayu na 1992 ta Zangon Katab ta iso. Waɗannan iyayenmu suka ba mu labarinsu. Ta watan Afrilu na 2011, wadda ta biyo bayan zaɓe, da idonmu muka gan ta.

Abin da muka lura da shi shi ne wannan. Sojoji su kan zo, a sa dokar hana fita, ƙura ta lafa. Sa'an nan a ɗage doka, kasuwa ta ci. Amma mutumin da ya saba bi ta wata unguwa sai ya riƙa zagaye ta. Uwa ta hana ɗanta zuwa gidan abokinsa. Maƙwabci ya sayar da gidansa ya koma cikin nasa. Ba a faɗa, ba a kuma gaisawa. Mutumin da ba ka gani kuwa, duk mugun abin da aka faɗa maka a kansa sai ka yarda.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. To, wace hanya za a bi ƙafa ta sake takawa? Wanda aka ƙone wa rumfa ba zai tashi haka kawai ya je zauren waɗanda ya ke zargi ba. Yana jin tsoro, yana kuma jin kada a ce ya yi laushi. Filin wasa kuwa ba zauren kowa ba ne. Mutum ya kan je can ya ce kallo ya zo yi, ba wanda zai yi masa gori.

Kakanninmu sun san wannan dabara. Ku dubi labarin Argungu. Bayan jihadi, Kabawa sun yi shekaru masu yawa suna yaƙi da Sakkwato da Gwandu, har zuwan Turawa. Yaƙi ya ƙare, amma gaba ba ta ƙare ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya tashi ya ziyarci Argungu. Sarkin Kabi ya rasa abin da ya fi dacewa ya tarye shi da shi, sai abin da Kabawa suka fi kowa iyawa, watau su. Aka tara masunta a gulbin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, suka faɗa ruwa gaba ɗaya, baƙi na kallo. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya kafu. Ana tseren kwalekwale, ana nutso, ana kokawa da dambe, wanda ya kamo giwan ruwa mafi girma ya karɓi kyauta. Jikokin waɗanda suka harbi juna da kibau su ne suka zauna rumfa ɗaya suna tafi.

Ku lura da yadda abin ya jeru. Manya ne suka fara takawa, sa'an nan aka yi wasa. Da Sarkin Musulmi bai je ba, da su ɗin nan kamun kifi ne kurum irin na kowace shekara.

Labari na biyu ya fi kusa da mu, don mai shi ɗan nan ne. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya girma, ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda yanzu a ke kira Barewa. Can shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar tamaula, gwanin gudu ne, kuma shugaban 'yan damben Turawa. Shi ne shugaban ƙasa sa'ad da aka yi yaƙin basasa, daga watan Yuli na 1967 zuwa Janairu na 1970. Da yaƙi ya ƙare ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. A 1973 gwamnatinsa ta kafa Bikin Wasanni na Ƙasa, aka fara yinsa a Ikko. A lokacin jihohi 12 ne, kowace ta aiko da samarinta da 'yammatanta. Yaron da ya sha yunwa a Gabas da ƙanen sojan da ya yi yaƙi can suka tsaya layi ɗaya suna jiran a busa usur. A 1977 aka kawo bikin Kaduna.

Amma kada ku ɗauka wasa kullum alheri ya ke haifarwa. Ba haka ba ne. A 1970 aka kafa wata ƙungiyar tamaula a Inugu, sunanta Rangers. Mutanen Gabas sun ɗauke ta kamar ransu, don ita ce ta fara ɗaga musu kai bayan yaƙi. Yarbawa kuma suna da tasu a Ibadan, watau IICC Shooting Stars. A 1977 ƙungiyoyin nan biyu suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na wani kofin Afirka. Aka yi karon farko a Ikko, ba wanda ya ci. Gari ya ɗauki zafi, magana ta bar tamaula ta koma ta ƙabila. Sai hukuma ta ɗauke karo na biyu ta kawo shi Kaduna, inda ba garin ɗayansu ba ne. Nan ma ba a ci ba, sai da bugun daga kai sai mai tsaron gida Rangers ta fita. Ta je ta ci kofin.

Yanzu ku ji abin da ya faru bayan shekara uku. A watan Maris na 1980 Nijeriya ta ci Kofin Afirka a Ikko, ta ba Aljeriya 3 da nema. Kyaftin shi ne Christian Chukwu na Rangers. Wanda ya jefa biyu shi ne Segun Odegbami na Ibadan, na ukun kuma Muda Lawal, shi ma na Ibadan. Mutanen da a 1977 aka ji tsoron a yi jini saboda su, ga su cikin riga iri ɗaya, ƙasa duka na murna. Samarin dai su ne, ƙwallon ma ita ce. Abin da ya sake shi ne yadda aka raba su.

Wannan shi ne abin da mu ke so ku riƙe in kun koma ƙauyukanku. A ce an yi rikici tsakanin ƙauyenku da na maƙwabta a kan fadama, ko da makiyaya a kan burtali. Wani zai ce a haɗa wasa, ƙauyen nan ya kara da wancan. Mu ba mu ba da wannan shawara ba. Wanda aka kayar zai ce an sake cinsa, wanda ya yi kaye zai yi ta gori har kasuwa. Gara a cuɗa su. A rubuta sunayen samarin duka a takarda, a zuba cikin hula, yaro ƙarami ya riƙa zarowa. Ga amfanin karatunku nan ya zo, don ku ne za ku rubuta sunayen, ku kuma karanta su a gaban jama'a, kowa ya ga ba a yi maguɗi ba. Wanda ka miƙa wa ƙwallo ya jefa muku ita a raga, da wuya gobe ka wuce shi a hanya ba ka ce masa sannu ba.

Kafin ranar sai dagatai da masu unguwa da limamai, da fasto in akwai, su zauna tukuna. In an cinye wa wani gona, a biya shi. In an yi rashi, a je ta'aziyya. Tamaula ba ta biyan diyya. Uwar da aka kashe wa ɗa in ta ji ganga tun ba a zo mata gaisuwa ba, sai ta ga dariya a ke yi mata.

Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka, bayan an kai amfani rumbu, ciki ya ɗauka, ba kuma gonar da za a tattake. Alƙalin wasa a nemo shi daga wani gari na uku. A hana caca. A ja kunnen makaɗa, su yi wa kowa kirari, amma ban da habaici, ban da tuna wanda ya gudu ranar faɗa. Dambe kuwa, ko da ya ke muna sonsa, a bar shi sai baɗi, don a kan fitar da jini, jini kuma ya kan ta da tsohon miki. A fara da tsere da langa da tamaula. Mata su kawo fura da ƙosai su sayar, na nan da na can a layi ɗaya. In an tashi, a sa ranar wasa na gaba tun jama'a ba su watse ba, kuma a yi shi a filin ɗaya ƙauyen.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayarmu a aji, ya ce, "Malam, ai Kanawa da Zage-zagi ma sun yi yaƙe-yaƙe a da, yanzu ga shi sai ba'a su ke yi wa juna, ba mai fushi. Wannan ma wasa ne?" Muka ce masa wasa ne mana, shi ya sa a ke ce musu abokan wasa.

Tambayoyi

1. A wace shekara Sarkin Musulmi Hasan ya ziyarci Argungu, kuma da me aka tarye shi?
2. Don me aka kawo wasan Rangers da IICC Kaduna?
3. Shekara nawa ne daga 1934 zuwa 1973?
4. Ku rubuta sunayen samari 11 na ƙauyenku da 11 na ƙauyen da ke kusa da ku, ku zo da su ranar aji na gaba.