Karkacewar Bangon Hanci: Dole Ne Sai An Yi Tiyata?

Wani matashi ɗan acaɓa ya zo mini da kukan cewa shekara uku ke nan ƙofar hancinsa ta hagu ba ta shaƙar iska, tun ranar da ya faɗi da babur ya daki kwalta da fuska. Da dare minshari ya hana maiɗakinsa barci, da asuba kuma ya tashi maƙogwaro a bushe ƙamas. A aljihunsa akwai 'yar kwalbar maganin ɗigawa a hanci, Otrivin, da ya ce ba ya rabuwa da ita. Buƙatarsa ɗaya: a yi masa aiki kawai ya huta.

Tsakanin ƙofofin hanci biyu akwai wani bango siriri, gabansa guringuntsi, bayansa ƙashi. Idan ya karkata gefe guda, sai hanyar iska ɗaya ta ƙuntata. Wasu da haka aka haife su, wasu naushin dambe ne ko haɗari ya jawo musu. Mutane ƙalilan ne bangonsu yake tsaye cak, kuma akasari har su tsufa ba su san da zancen ba. Wanda abin ya dama shi ne mai toshewar ɓangare ɗaya da ba ta tafiya, da yawan haɓo musamman da hunturu, da numfashi ta baki, da murar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Amma idan yau dama ce ta toshe, an jima hagu, kada ka tayar da hankalinka, hancin mai lafiya ma karɓa-karɓa yake yi.

Abin da na fara gaya wa matashin nan shi ne ya rabu da kwalbarsa. Irin wannan maganin, idan aka zarce kwana biyar ana ɗiga shi, shi da kansa yake kumbura cikin hanci. Ruwan gishiri na wanke hanci da feshin rage kumburi da likita zai rubuta ba sa miƙe bango, amma sau da yawa suna buɗe hanya har mutum ya manta da batun wuƙa.

Idan an yi makonni ana magani ba sauƙi, to sai tiyata. Ta cikin hanci ake yin ta, ba tabo a fuska, kuma galibi ba ta wuce awa ɗaya da rabi. Sai dai kowa ya shiga da idonsa a buɗe. Jini na iya zuba ko ya taru cikin bangon, wurin na iya yin ruwa, haƙoran gaba na sama su yi dundurus na wani lokaci, jin ƙamshi ya ragu. Akwai wanda bangon ke hujewa, ya riƙa jin fito idan yana numfashi, akwai wanda karan hancinsa ke lotsawa. Abin da ya fi ba mutane haushi kuwa, a sha wahalar aiki toshewar ba ta tafi duka ba, don guringuntsi yakan so komawa yadda ya saba. Shi ya sa ba a cika yi wa yaro ba sai fuskarsa ta gama girma, wajen shekara 16 zuwa 18.

Mai hawan jini, da mai sikila, da mai shan asfirin, su faɗa tun kafin a sa rana. Bayan aiki ba fyace majina ko ɗaukar kaya mai nauyi na mako ɗaya zuwa biyu, a kuma tambayi likita yaushe za a koma yin sujada.

Toshewar gefe guda mai haɗe da jini a babba, ko majina mai wari daga ƙofa ɗaya a yaro, ba abin jira ba ne. A garzaya wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a leƙa ciki da na'ura tukuna.