Rufin Da Ya Dace Da Ruwan Kurmi: Kwano Ko Fallen Kwalta?

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san rufi ne a ƙasar da ruwan sama ke sauka wata 4 ko 5, sauran shekara kuwa rana da iska su busar da komai. Shi ya sa soro da azara suka yi wa kakanninmu aiki, shi ya sa kuma kwano mai araha kan daɗe a Arewa bai tona asirin mai gida ba. Hausawan da ke zaune a Diobu da Oyigbo a yankin Fatakwal, da na Titin Bida da bakin gada a Anacha, da na Gariki a Inugu, lissafinsu daban ne. Ruwan da ke sauka a Kano a yawancin shekaru bai kai milimita 1,000 ba. Na Inugu da Anacha ya haura 1,500, na Fatakwal kuwa ya wuce 2,000, kuma damina a can kan fara tun watan Maris ta kai har Oktoba ko Nuwamba. Ga yadda mai karatu zai gane girman abin. Milimita 1 na ruwa a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan. Gida mai rufin murabba'in mita 100 a Fatakwal yana karɓar sama da lita 200,000 a shekara, wato jarka mai lita 25 har guda 8,000. Duk wannan ruwa a kan rufi yake sauka, kuma duk inda ya sami ƙofa sai ya shiga. Saboda haka ra'ayin wannan rubutu shi ne, mai gini a waɗannan garuruwa ya riƙe kwano ya bar fallen kwalta, amma ba irin kwanon da ya saba saye a gida ba.

Kafin a yi hukunci, sai a san kowanne da abin da aka yi shi. Fallen kwalta, wanda 'yan kasuwa ke kira shingil, a Amurka aka fara yin sa a farkon shekarun 1900, kuma har yau shi ne rufin mafi yawan gidajen can. Shimfiɗa ce ta zaren gilashi da aka jiƙa da kwalta, aka barbaɗa mata ƙananan tsakuwa masu launi a sama. Falle ne mai lanƙwasuwa, ba ya iya tsayawa da kansa a kan katakon rufi. Dole sai an lulluɓe rufin gaba ɗaya da falankin fulawud, an shimfiɗa leda ko takarda mai hana ruwa, sannan a bi da fallayen ɗaya bisa ɗaya ana kafa su da ƙusa. Kwano kuwa iri-iri ne. Akwai na bandir wanda kowa ya sani, mai falle 20 a ɗauri, ƙarfe ne siriri da aka shafa wa tutiya. Akwai aluzin, shi ma ƙarfe ne amma shafensa haɗin alminiyum da tutiya ne, alminiyum ɗin kashi 55 cikin 100. Akwai dogon kwanon alminiyum zalla, wanda ake yanka wa mutum daidai tsawon rufinsa, mai kaurin milimita 0.45 ko 0.55 ko 0.7. Sai kuma mai tsakuwa da ake gani a kan manyan gidaje, wanda asalinsa daga ƙasar New Zealand ne. A nan mai saye ya buɗe ido, domin a kasuwannin kayan gini ana kiran wani zane na wannan mai tsakuwa da sunan shingil, alhali ƙarfe ne a ciki. A juya bayansa a ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. In ya yi ƙara, ƙarfe ne. In ya lanƙwashe a hannu yana warin kwalta, shi ne fallen kwalta.

Babban aibin fallen kwalta a Kurmi ba a saman rufin yake ba, yana ƙarƙashinsa. Wannan falanki da aka shimfiɗa katako ne, kuma katako a ƙasa mai laima yana da maƙiya biyu, ruɓa da gara. Idan ruwa ya sami hanya ta gefen ƙusa ɗaya, ba zai ɗigo a ɗaki nan take ba balle a gani a gyara. Falankin ne zai riƙa sha a ɓoye, ya kumbura, ya yi laushi, sai ran da kafinta ya hau ƙafarsa ta burma. A Arewa rani zai busar da shi. A Fatakwal kuwa, inda iska ke ɗauke da danshi kusan duk shekara, abin da ya jiƙa ba ya saurin bushewa. Saman fallen ma bai tsira ba. Tsakuwar tana riƙe danshi, gansakuka ta fito ta yi baƙaƙen layuka, zafin rana ya busar da man kwaltar har falle ya fara tsagewa, ruwa mai ƙarfi kuma ya riƙa wanke tsakuwar zuwa indararo. A ƙasar da aka ƙirƙiro shi ma shekara 15 zuwa 30 ake ƙiyasta masa, kuma masu aikin sun san zafi yana rage masa kwana. Ƙari a kan haka, daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma kafintocin da suka ƙware a kansa ba su da yawa. Iska ta ɗauke falle 10, sai mai gida ya shiga neman irin launinsa da wanda zai kafa masa. Kwano kuwa tun shekarun 1960 aka fara murza alminiyum a Trans-Amadi cikin Fatakwal, kuma babu unguwar da za a rasa kafintan da ya iya shi.

Akwai wata hujja da ta shafi zamanmu a can kai tsaye. Hausawa sun daɗe a waɗannan garuruwa, har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Duk da haka, da yawa daga cikin masu shago da rumfa da ɗakin kwana a kan filin haya suke, ko a kasuwar da hukuma ke iya tayarwa. An tashi mahautar Trans-Amadi a zamanin Gwamna Nyesom Wike, kuma a 2024 an rushe shaguna a Holy Ghost da Gariki a Inugu domin gina sababbin tashoshin mota. Ranar da aka ce a tashi, mai kwano zai zare ƙusa ya ɗaure kayansa ya kafa a wani wuri. In ma ya tsufa, 'yan gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne, za su auna alminiyum a sikeli su biya kuɗi. Fallen kwalta in an ɓamɓare shi yayyagewa yake yi, ba mai saye, sai ma an biya wanda zai kwashe shi zuwa bola.

Mai musu zai ce, ai kwano tsatsa yake yi, ga Diobu nan kowa ya hau bene ya duba, rufi duk ya yi ja. Gaskiya ne, kuma dalilin a bayyane yake. Iskar Fatakwal tana ɗauke da gishiri daga rafuffukan da ke haɗe da teku. Iskar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai da hayaƙin matatu suna haɗuwa da ruwan sama su sa shi tsami, kuma tun ƙarshen 2016 mutanen garin suka fara kukan baƙar kunkunniya da ke sauka a kan rufi da mota da tufafin shanya. Anacha ma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kan gaba cikin biranen da ƙura ta fi gurɓata iskarsu. Ruwa mai tsami da gishiri suna cinye siririn shafen tutiya, da zarar ya ƙare kuwa ƙarfen ya fito fili, tsatsa ta kama. Amma wannan laifin kwanon bandir ne. Alminiyum zalla ba ya irin wannan jar tsatsa, domin da kansa yake yin wata 'yar fata a jikinsa da ke kare shi, aluzin kuma ya fi mai tutiya kaɗai juriya nesa ba kusa ba. To sai maganar tsada. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma lissafin rufi ba a ranar saye ake yin sa ba, ana raba kuɗin ne da shekarun da zai yi. A ɗauki misali don koyon lissafin kawai: rufin naira 600,000 da zai yi shekara 6, kowace shekara ya ci naira 100,000. Na naira 1,500,000 da zai yi shekara 30, kowace shekara 50,000 ya ci. Ba a ma sa kuɗin kafinta na kowane sauyi ba, da buhun wake ko katifar da yoyo ya lalata. Wanda ƙarfinsa bai kai alminiyum ba, ya nemi aluzin. Wanda kuma sai na bandir, musamman mai rumfar wucin gadi, ya zaɓi mai kauri ya shafa masa fenti tun yana sabo.

Zafi da ƙara su ne ƙorafi na gaba, kuma a nan fallen kwalta yana da abin faɗa. Da rana tsaka ɗaki mai kwano tsirara ba ya zaunuwa, in ruwa ya kece kuma ko karatun yara ba a ji. Sai dai a lura, shirun da ake samu a ƙarƙashin fallen kwalta yawanci aikin falankin nan ne da ke tsakani. Kwano ma in aka yi masa silin, aka bar sarari tsakaninsa da silin ɗin, aka buɗe ƙananan tagogi masu raga a ƙarƙashin baki da kusa da doro domin iska mai zafi ta fice, ɗakin zai yi sanyi, ƙarar ta ragu ƙwarai. Launi ma yana da tasiri. Fari da mai haske suna mayar da hasken rana, baƙi da ruwan ƙasa suna shanye shi, fallen kwalta kuwa galibi mai duhu ne, yana tara zafi ya riƙe har bayan magariba, lokacin da kwano ya daɗe da hucewa. Wasu kuma na tsoron kwano yana jawo tsawa. Ba ya jawo ta. Tsawa abin da ya fi tsawo take nema, ko bishiya ko bene, da me aka rufe shi ba ruwanta. Maganar kyau kuwa, wanda ke son gidansa ya yi irin fasalin fallen kwalta ga ƙarfe mai tsakuwa nan, in aljihu ya yarda.

A unguwa mai cunkoso, inda mai shayi da mai tsire da mai janareta ke maƙwabtaka, wuta abin tunani ce. Gobarar tankar mai da ta ci kasuwar Ochanja a Anacha a Oktoban 2019 babu rufin da zai tare ta, amma tartsatsin yau da kullum in ya faɗa a kan kwano mutuwa yake yi. Ga kuma ruwan amfani. Wanda aka tara daga kwano ya fi na kwalta da tsakuwa tsabta, da sharaɗin a bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube. A Fatakwal dai, saboda kunkunniya, a bar shi a wanki da shara.

Zaɓen kwano rabin aiki ne, domin mafi yawan yoyo daga kafawa yake samo asali. Rufin Kurmi yana son gangara sosai, ba irin kwantaccen rufin da ake ɓoyewa a bayan bango a Arewa ba, don ruwa ya gudu kafin ya taru. Bakin kwano ya zarce bango yadda feshi ba zai riƙa dukan ginin ba. A irin kwano mai tudu da kwari, a tudun ake kafa ƙusa, domin kwarin hanyar ruwa ce, kuma ƙusar ta zama mai hula da roba a wuyanta. Kada a kafa alminiyum da baƙar ƙusa ta ƙarfe, domin in ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin danshi, ɗaya yana cin ɗaya, ramin ya yi ta faɗi. Katako a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, a kuma ɗaure shi da jikin gini da ƙarfe, saboda iskar farkon damina ba kwano kaɗai take ɗauka ba, har da katakon take tafiya in ba a ɗaure ba. Wanda zai sauke tsohon rufin asbesto kada ya farfasa shi ko ya yanka shi a bushe, ƙurarsa tana jawo mummunan ciwon huhu.

Wurin saye kuma kada a dogara da abin da aka rubuta a jikin kaya ko abin da mai shago ya faɗa, domin ana sayar da siriri da sunan mai kauri, ido kuwa ba ya bambance 0.45 da 0.55. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin kauri da ake maƙala wa bakin kwano a karanta lamba. Mai karatu, ka sa a auna a gabanka, a rubuta maka kaurin da irin kwanon a rasit, sannan ka biya kuɗi.