Darasi na 21: Motar shata

Kakar Sani tana zaune a Kusiri, cikin ƙasar Kamaru. Sani da iyayensa kuwa suna Injamena, a unguwar Ambasatna. Kogi ne kawai ya raba garuruwan nan biyu.

Idanun Kaka sun yi yana, ba ta gani sosai. Likita ya ce a kawo ta asibiti a Injamena ran Alhamis da ƙarfe takwas na safe. In ta makara, sai ta jira wata guda kafin a sake ba ta rana.

Ran Laraba da dare Baba ya ce wa Sani:

– Gobe za ka raka ni mu ɗauko Inna, tunda kuna hutu. Na ɗauki shatar mota.

– Baba, mene ne shata?

– Motar haya tana jira a tasha sai ta cika, kuma tana sauke kowa a bakin hanya. Motar shata kuwa taka ce kai kaɗai har ka gama buƙatarka. Tana ɗaukarka a ƙofar gida, ta kai ka ƙofar inda za ka.

– To, ba ta fi tsada ba?

– Ta fi, nesa ba kusa ba. Kuɗin ɗinkin kwana uku zan ba da. Amma in Inna ta bi motar haya, sai ta sauka a bakin gada, ta ƙetare, ta sake neman wata. Mai ciwon ido ba za ta iya wannan wahala ba.

Tun da la'asar Baba ya gama magana da direba, Malam Idi. Sun yanke kuɗin zuwa da komowa, har da na jira a asibiti. Baba ya tambaye shi ko motarsa tana da takardun ƙetare iyaka, ya ce tana da su. Sa'an nan ya ba shi rabin kuɗin, ya ce sauran sai an dawo.

Da asuba Malam Idi ya iso. Suka bi ta Shaguwa, suka hau gadar kogin Shari, suka ratsa Waliya har Ngeli. Sani ya ga manyan motoci jere, cike da kaya. Da aka buɗe iyaka suka nuna takardunsu, suka hau gadar kogin Logon. Ga su a Kusiri!

Kaka tana zaune a zaure, ta riga ta shirya. Da ta ji muryar Sani sai ta yi dariya:

– A'a, maigidana ne da kansa? Yau da mota ka zo ɗaukar amarya?

Sani ya durƙusa ya gaishe ta, ya kama hannunta har cikin mota. Malam Idi bai tayar da mota ba tukuna. Ya waiwayo ya ce:

– Hajiya, katin shaida yana tare da ke? Da takardar likita?

Kaka ta laluba jakarta. Takardar likita tana nan, kati kuwa babu! Sani ya ruga ɗaki, ya duba ƙarƙashin tabarma, ya buɗe kwalla. Can ƙasa ya same shi, naɗe cikin tsumma.

Malam Idi ya ce:

– Da mun tafi haka, da an mai da mu daga gada.

Ƙarfe takwas saura kwata mota ta tsaya a ƙofar asibiti. Likita ya duba Kaka, ya ba ta magani, ya sa ranar da za a yi mata aiki. Bayan azahar Malam Idi ya mai da ta har ƙofar gidanta, tun kafin a rufe iyaka. Baba ya cika masa kuɗinsa, suka yi sallama.

Mu sani

Injamena ita ce babban birnin Cadi. Har shekarar 1973 sunanta Fort-Lamy. A nan ne kogin Logon yake haɗuwa da kogin Shari, su gangara tare zuwa Tafkin Cadi.

An gina gadar Ngeli a shekarar 1985. Kafin wannan lokaci, da kwale-kwale da jirgin fito ake ƙetarewa tsakanin Injamena da Kusiri.

Cadi ba ta da teku. Kaya masu yawa suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, a Kamaru, manyan motoci su kawo su ta Ngeli. Kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne: sefa.

Kalmomi

kogi: le fleuve
gada: le pont
iyaka: la frontière
tasha: la gare routière
direba: le chauffeur
kwale-kwale: la pirogue
jirgin fito: le bac
katin shaida: la carte d'identité

Tambayoyi

1. Me ya sa Baba ya ɗauki shatar mota, ko da yake ta fi tsada?
2. Faɗi bambanci biyu tsakanin motar haya da motar shata.
3. Wace magana Baba ya gama da direba tun kafin tafiya?
4. Waɗanne koguna mota ta ƙetare?
5. Me zai faru da Malam Idi bai tambayi kati ba?

Lissafi

A ce kuɗin shata sefa 12 000 ne. Baba ya ba da rabi. Nawa ya rage? In mutane huɗu ne suka haɗa kuɗin daidai wa daida, nawa kowa zai biya?

Aiki

Zana taswira a littafinka. Nuna Injamena da Kusiri, da kogunan nan biyu, da gadojinsu. Rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci. In ka koma gida, tambayi wani dattijo yadda ake zuwa Kusiri kafin a gina gada. Gobe ka ba 'yan ajinku labari.