Darasi na Tara: Dausayin Baturiya da Gasar Yawon Buɗe Ido a Lokacin Lumana da Lokacin Rikici

Gabatarwa

A wannan darasi za a duba abin da ke sa wani wurin yawon buɗe ido ya fi wani jawo baƙi, da kuma abin da ke riƙe shi idan zamani ya murɗe. An ɗauki misali daga Baturiya, wani dausayi da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma a masarautar Haɗejiya, domin ɗalibi ya ga cewa batun bai tsaya ga Makka ko Dubai kaɗai ba.

Jarin da Wuri ke Shiga Gasa da Shi

Wurin yawon buɗe ido kamar rumfar kasuwa yake: sai da haja ake kiran mai saye. Hajar Baturiya ita ce ruwa. Duk damina Kogin Haɗejiya kan yi ambaliya ya malale fadamu, idan ruwan ya ja baya sai ya bar tafkuna da ciyawa da kifi. Daga wajen watan Oktoba zuwa Maris, tsuntsaye masu gudun sanyin Turai kan ƙetaro Sahara su sauka a nan, su tarar da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. An ƙidaya fiye da nau'in tsuntsaye 370 a dausayin Haɗejiya da Nguru baki ɗaya. Wannan ne ya sa aka shigar da Baturiya cikin jerin dausayoyin Yarjejeniyar Ramsar a 2008, da faɗin hekta 101,095. A 2020 kuma UNESCO ta ayyana yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin ma'adanar halittu, Gwamnatin Tarayya kuwa ta amince da mayar da dausayin Haɗejiya gandun daji na ƙasa.

Sai dai suna a takarda ba ya kawo baƙo. A lokacin lumana, baƙo yana auna hanya da masauki da ɗan jagora mai sanin sunan tsuntsu da lokacin fitarsa. A nan ne ƙasashe irin su Gambiya da Kenya suka yi mana fintinkau, ba domin tsuntsayensu sun fi namu kyau ba.

Rikici Mai Amo da Rikici Marar Amo

Rikicin da kowa ya sani shi ne mai amo. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, ƙasashen Turai suka riƙa gargaɗin mutanensu game da zuwa Arewacin Nijeriya. Jigawa ba ta ɗanɗana abin da Borno da Yobe suka ɗanɗana ba, amma baƙon nesa ba ya bambance Haɗejiya da Damaturu. Bikin kamun kifi na Argungu ma sai da ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai 2020. A shekarar ce kuma annobar korona ta rage masu yawon ƙasa da ƙasa da fiye da kashi 70 cikin 100 a duniya.

Amma a ganin mai wannan rubutu, rikicin da ya fi yi wa Baturiya illa shi ne marar amo. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, sun sauya yadda ruwa ke gangarowa. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani, wanda hakan ya ba ciyawar kacalla damar toshe magudanai. Wasu wuraren suka bushe, wasu gonakin suka nutse, jan-baki kuma ya sami maɓoya a cikin kacallar yana cinye wa manoma hatsi. Idan bindiga ta yi shiru baƙo yana iya dawowa cikin shekara guda. Tsuntsun da ya tarar da tafkinsa ya ƙafe kuwa, ba a aika masa goron gayyata.

Saboda haka, abin da ke riƙe wuri a lokacin wuya shi ne maƙwabtansa. Masunci da makiyayi da mai saƙar kaba suna cin abinci daga dausayin tun kafin a san kalmar "yawon buɗe ido". Muddin ba su ga rabonsu a kiyaye shi ba, itace zai ci gaba da faɗuwa. Ƙasar Ruwanda ta gane haka: tun 2017 take ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen dajinta ga ƙauyukan da ke kewaye da su. Haka nan baƙon gida, wato ɗalibai da malamai da iyalai daga Kano ko Dutse, bai cika jin gargaɗin ofishin jakadanci ba. Malamin da ya kai ajinsa Baturiya, ya biya da su Haɗejiya su ji tarihin yaƙin 1906 da Turawa, ya sa hannu ke nan a wannan gasa.

Jinga

Tattaro sunayen tsuntsayen ruwa goma daga bakin dattawan yankinku, tare da kirari ko karin maganar da ta shafi kowannensu. Sannan ka tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kansu.