Ƙaguwa Mai Aron Gida: Ta Tudu Ce Ko Ta Teku?

Wani mai sauraronmu daga Terminus a birnin Jos ya aiko da tambaya. Ya ce an kawo masa tsarabar ƙaguwa da ke zaune cikin ɓawon katantanwa, yana son sanin ko ta tudu ce, ta teku, ko ta ruwan daɗi.

To Malam, mun gode. Wannan ita ce ƙaguwa mai aron gida. Cikinta laushi gare shi, shi ya sa take fakewa a ɓawon da katantanwa ta mutu ta bari.

Mu fara sallamar ta ruwan daɗi: iri ɗaya tak aka sani, a tsibiran Banuwatu. Ƙaguwar da ake gani a rafukan Filato daban ce, ba ta aron gida.

Ta teku ba ta daɗewa a wajen ruwan gishiri. Idan taka tana yawo kan yashi, tana hawan itace, tana toshe bakin ɓawonta da babbar ƙafar damƙa ta hagu, to ta tudu ce. Ita ta tudu, a kula, nutsewa take yi idan ta daɗe cikin ruwa mai zurfi. Danshi take buƙata da ɗumi, kuma ka san sanyin Jos da bushewar hunturu. Ka riƙa jiƙa yashinta, ka rufe akwatin da take ciki, ka ajiye mata ƙananan kwanuka biyu: ɗaya ruwan daɗi, ɗaya ruwan gishirin teku. Kada ka sa gishirin miya, Malam.